Warkin Saje Mai Gemu

Tun da na dawo daga Kudu ba a bar ni na yi ɗinki cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Fagge sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Habibu, ya hanya?" Wani ma ko gaisuwa babu, sai dai, "Wai da gaske a kan tsohuwar fata ka je har Fatakwal?" Bakina ya gaji da maimaitawa, bayana ma bai gama sakina ba. Don haka na rubuta. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa, in ci gaba da taka kekena.

Goggo Asabe ce ta aike ni, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu. Kakan nan soja ne tun zamanin Turawa. Ya je yaƙin Bama ya dawo, ya ƙarasa aikinsa a barikin Inugu da igiya uku, ana ce masa Saje Mai Gemu. Goggo ta ce yana cikin waɗanda ake kira fayoniya, wato 'yan share hanya. Su ke shiga gaba kafin sauran sojoji, su sare daji, su ɗaura gada, su kafa sansani, in an yi mutuwa su haƙa kabari. Ranar fareti kuwa shi ne a gaban bataliya gaba ɗaya, da farin warki na fata tun daga ƙirji har gwiwa, da doguwar safar hannu fara, da gatari a kafaɗa yana ƙyalli. Duk barikin shi kaɗai aka yarje wa ya bar gemu. Goggo tana yarinya ita ke goge warkin da farar ƙasa duk jajiberin fareti.

To, akwai Baba Inuwa, taubashinta, ɗan ƙanwar kakan. Shi bai taɓa taka Inugu ba. Abin da ya sani kawunsa tsoho ne mai babbar riga da carbi, wanda ba ya zancen soja ko kusa. Tun ina yaro nake jin yana tsokanarta: "Soja da gemu? Soja ba bindiga sai gatari? Asabe, ki ji tsoron Allah, kawu faskare yake yi wa matan bariki." Ita kuwa ba ta da ko hoto ɗaya da za ta toshe masa baki. Lokacin rikicin da ya kori 'yan Arewa daga Gabas gab da yaƙin basasa, da kayan jikinsu suka shiga jirgin ƙasa. Warki da gatari kakan ya bar su hannun abokin aikinsa, wani Ibo, Kofur Okafo, kuma har ya rasu bai koma ba.

Yanzu hawan jinin ido ya cinye ganin Goggo. Abin da ya rage mata shi ne farin abu. In ka zo da farar riga za ta ce ga mutum nan, in shuɗiya ce sai ka yi magana. Likita ya ce shi ma ɗan wannan ba zai daɗe ba. Shi ne ta kira ni ta ce, "Ka je Inugu ka karɓo min warkin Baba. Fari ne, shi zan iya gani. In na gan shi sau ɗaya, idon ya tafi inda za shi."

Na ce, "Goggo, abin da ya haura shekara hamsin?"

Ta ce, "Fata ce, ba tuwo ba ce."

Ta kuma ba ni shaida: ta ciki, daidai ƙirji ta hagu, akwai ɗan aljihu da mahaifiyarta ta ɗinka don a sa laya. Ni mutum ne da ko Wudil aka ce in je sai na yi ta jan ƙafa. Amma ita ta goye ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya, ba ni da bakin cewa a'a.

Hanya ba abin da zan ce da ita sai Allah ya isa. Na shiga doguwar mota daga Sabon Gari, aka ba ni kujerar da ke kan taya. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai buhun busasshen kifi a cinya, rabin buhun kuwa a tawa cinyar. Da muka haye gadar Makurɗi sai shingaye suka fara, wannan na tayoyi, wancan na itace mai ƙusoshi, kana hango na gaba tun ba ka bar na baya ba. Ba iyakar ƙasa muka ƙetare ba, amma an tambaye ni katin shaida har na daina mayar da shi aljihu, na riƙe shi a hannu kamar mafici. Na sauka Inugu ƙafafuna sun kumbura, rigata tana ƙarnin kifin da ban ci ba.

Na sauka a masallacin Hausawa da ke unguwar Ogui. Ladanin, Malam Tanko, dattijo ne ɗan asalin Haɗeja, amma ya fi shekara hamsin a can. Ya gaishe ni gaisuwa irin ta da, tiryan-tiryan, har ya tambayi dabbobin da ba ni da su. Ya ba ni tabarma a wani ɗaki da fataken shanu ke kwana. Jikokinsa kuwa in sun buɗe baki ba ka gane inda Hausa ta tsaya, inda Ibo da Turancin kasuwa suka ɗauka. Da safe aka kawo min okpa, wani abu kamar alala amma na gurjiya, a naɗe cikin ganye. Na ci don yunwa, ya zauna min a ciki kamar na haɗiyi dutsen guga, har la'asar ban nemi komai ba.

Malam Tanko ya san gidan su Okafo a unguwar Uwani. Muka hau keke napep muka je. Kofur ya daɗe da rasuwa, sai 'yarsa Madam Nkechi, tsohuwa mai sanda da tabarau. Kafin a bar ni in faɗi abin da ya kawo ni sai da aka fito da goro. A wurinmu goro a ɓare ne a jefa a baki. Su kuwa sai an ɗora shi a faranti, an zagaya da shi kowa ya taɓa, sannan babban ɗanta ya ɗaga shi ya yi ta addu'a da yarensu, kowa na amsawa. Ni dai ina zaune bayana yana sara, ina jira a gama da ƙwayar goro ɗaya.

Da na ambaci Saje Mai Gemu sai tsohuwar ta saki sandarta. Ashe a bariki aka haife ta, Hausa a bakinta, irin ta bariki da ba ta raba mace da namiji.

"Asabe yana nan da rai? Kai! Ni da shi muna zauna bayan kantin, shi yana goge warki, ni ina goge takalmin babana."

Na buga wa Goggo waya na ba ta. Suka yi ta ihu a kunnen juna, wannan tana kuka waccan tana dariya. Ni ma sai da na share hawaye, ban yi zaton zan samu wanda ya san goggona tana yarinya a wannan nisan duniya ba.

Madam ta ce mahaifinta kafinta ne a ƙarƙashin Saje, tare suka yi Bama. Ta ce yakan ce duk wanda ya kira su leburori bai san daji ba. "Mai bindiga yana kwanta ƙasa, ya ɓuya. Mai gatari dole ya tsaya tsaye, in ba haka ba itace ba ya faɗi. Su ne ake fara gani." Ta ce warkin don kare kaki ne daga ƙaya da tartsatsin maƙera, gemun kuma wasu sun ce don zafin wutar ƙira ne, wasu sun ce don masu kwana a daji ba su da lokacin aski. Ranar fareti aka mayar da duka biyun ado.

Sai na tambayi warkin. Ta ce mahaifinta ya gudu da shi ƙauye lokacin yaƙi, a naɗe cikin tabarma, ya bar kayansa na kansa. Can ya rasu. Kafin ya cika ya sa ƙanensa ya yi alkawarin mayar wa Hausawa. Da aka gama yaƙi ƙanen ya kawo kayan masallaci. Shi kuwa mutumin ƙauye ne, ba ya jin Hausa, abin da ya iya yi kawai shi ne ya shafa haɓarsa ya nuna dogon gemu.

Malam Tanko da ke gefe yana taunar goro sai ya dafe kai.

"Inna lillahi! Wannan warkin? Ai ina wurin, ina saurayi. Malam Habibu, waɗanda suka fara dawowa bayan yaƙi mahauta ne da fataken shanu. Aka buɗe tabarma aka ga warkin fata, ga gatari, ga safar hannu, mai kayan kuma an ce mai gemu ne. To wa ke ɗaura warki ya riƙe gatari in ba mahauci ba? Aka yi ta lissafa mahauta masu gemu da ba su dawo ba, aka yi musu addu'a gaba ɗaya, aka ba Sarkin Fawa ajiya."

"Ina Sarkin Fawan?"

"Ya koma Anacha da iyalinsa, can ya rasu. Amma ɗansa Alhaji Bala yana kasuwar Ochanja."

Na so in kama hanya washegari, aka ce Litinin ce, ranar zaman gida na dole a Gabas, ba mota, ba kasuwa, kowa yana gida. Mu da ko ranar Salla sai ka samu mai shayi a buɗe, na ga gari guda ya yi tsit da rana tsaka. Na wuni kwance a tabarma ina sauraron wani bafatake yana ba ni tarihin ciwon ƙafar kowace saniya da ya taɓa saya.

Anacha kuwa ban taɓa ganin inda mutane ke gudu ba mai korarsu ba sai can. Kowa da kaya a ka, kowa yana ihu, in ka tsaya gyara hula sai a ture ka. Wani mai baro ya taka min ɗan yatsa, ya waiwayo ya zage ni a kan na sa ƙafata a hanyarsa. Na samu Alhaji Bala a layin 'yan albasa da busasshen barkono. Ya bar fawa tun yana saurayi. Muka gaisa ina atishawa, na faɗi abin da ke tafe da ni ina atishawa, shi ko a jikinsa.

Ya ce, "Warkin Baba? Ai Baba ya ajiye shi shekaru, yana jiran mai shi. Da ba wanda ya zo, nasa kuma ya yage, sai ya ɗaura. Fata mai kyau, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Gatarin ma da shi aka yi ta fasa ƙashi. Ka ga ragowarsa can."

Ya nuna ƙofar sitonsa. Wani guntun ƙarfe ne aka tokare ta da shi don kada iska ta rufe. An wasa shi, an wasa, har bai fi tafin hannuna ba, ƙota kuwa babu labarinta. Wannan ne gatarin da Goggo ta ce in rana ta haska shi sai ka kau da ido. Na tsuguna na ɗauka, ƙofar ta rufo ta buge ni a kafaɗa. Alhaji ya ce in tafi da shi, zai sa bulo.

Warkin kuma yana Fatakwal wurin ƙanensa Garba, wanda ya gaji fawar. Na ce ya buga masa waya a sako min a mota. Ya yi dariya ya ce, "Garba? A kan warkin nan? Malam, je ka da ƙafarka, ka kuma tafi da haƙuri."

A nan na so in juyo gida, ba zan ɓoye ba. Na zauna a tasha ina kallon motocin Kano. Sai ga wayar Goggo, ba ta tambayi lafiyata ba ma, cewa ta yi, "Ka gan shi? Yana nan da farinsa?" Na ce ina hanya. Na tashi na nemi motar Fatakwal.

Ruwan sama ya tare mu tun daga Owerri, bai kuma sake ni ba har na baro garin. Ruwan can ba irin namu ba ne da zai zo da hadari da tsawa ya yi ya gama. Zuba kawai yake, ba fushi ba sallama, mutane na harkarsu a ciki. Ga wani baƙin hayaƙi da ke sauka a kan komai, na shanya farar rigata a masauki na ɗauke ta kamar an share tukunya da ita. Abincin da na iya ci shi ne gasasshiyar ayaba da kifi, da wani yaji da ya sa na ji kunnena yana ƙara.

Mayanka, wadda su ke cewa silota, tana bakin ruwa. Tun daga nesa hayaƙin babbakar ganda ke shiga ido. Na bi ta cikin caɓi da jini, takalmina ɗaya ya maƙale sai da na sa hannu na zaro shi. Ina tambayar Garba ana nuna min gaba, har na iso wurin wani dogon mutum mai furfura yana datsa cinyar sa. A jikinsa akwai warki tun daga ƙirji har gwiwa. Ni tela ne, kallo ɗaya na yi wa ɗinkin gefensa da zoben tagullar da ke kafaɗa na san ba aikin dukawan kasuwa ba ne.

Baƙi ne ƙirin. Jini da kitse da hayaƙi na shekara da shekaru sun shige shi har yana sheƙi. Ko ɗigon fari babu. Na tsaya cikin ruwan sama ina kallonsa, na san ko na kai shi Kano, Goggo ba za ta gan shi ba.

Garba ya saurare ni bai ajiye wuƙa ba. Da na gama ya ce, "Malam, no vex, ka yi haƙuri, amma wannan warkin babana ne. Da shi na san shi. Da shi ya ciyar da mu, da shi na aurar da 'ya'yana. Wuƙa ba ta taɓa huda shi ba. Yanzu kai daga zuwa ka ce na soja ne? Soja na yanka shanu?"

Na ce, "Ta ciki, daidai ƙirji ta hagu, akwai ɗan aljihu. Ɗinkin hannu ne, ɗinkin mace."

Ya daina datsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya zura hannu ta cikin warkin ya fito da ɓarin goro.

"Nan Baba ke sa goronsa. Ni ma nan nake sa nawa."

"Kakata ce ta ɗinka, don laya."

Ya zauna a kan kututturen da suke sara nama. Abokan aikinsa suka taru, kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce a ba ni, wani ya ce ai wanda ya riƙe abu shekara hamsin shi ne mai shi. Gaskiya tausayinsa na ji, don na ga shi ma ubansa yake gani a jikin fatar nan, ni kuma na zo in raba shi da shi.

Can ya ce, "Tsohuwar, tana gani?"

Na ce, "Saura kaɗan."

Ya miƙe ya kwance igiyar baya, ya cire ta ka. Rigar da ke ƙasa duk ta jiƙe da gumi. Ya naɗe warkin da kansa, a hankali, ya sa a buhu. Ya ce, "Ka ce mata ba mu wulaƙanta shi ba. Aiki ya yi." Ya juya ya ɗauki wuƙarsa, bai sake kallona ba har na tafi.

A masauki na wanke shi da sabulu, na dirje da toka, na sake wankewa. Hannuna ne ya yi fari, shi yana nan yadda yake. A hanyar dawowa fasinjoji suka yi ta toshe hanci, har aka mayar da buhuna can bayan mota. A wani shinge wani matashi mai kaki ya zazzage shi, ya ɗaga guntun gatarin ya ce na mene ne. Na ce kayan kakana ne, soja ne, saje mai gemu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baba, soldier no dey keep bear-bear," wai soja ba ya ajiye gemu. Na ce to. Ba ni da ƙarfin gardama, na mayar da kayana buhu.

Na iso Kano da hantsi, ban ko biya gidana ba. Goggo tana tsakar gida a tabarma, Baba Inuwa yana kan kujera kusa da ita, don ya ji labarin ina tafe ya zo ya ga abin dariya. Na zaro warkin na shimfiɗa mata a cinya.

Ta ɗaga shi da hannu biyu ta kai daidai fuskarta. Ta matsar da shi, ta nesanta, ta juya wajen rana.

"Ban gan shi ba, Habibu."

Ta kai shi hanci ta sunsuna.

"Mahauta?"

Na ce, "E, Goggo. Sun zaci na ɗan'uwansu ne." Na ba ta labarin tun daga ƙanen Kofur har saƙon Garba. Na jira Baba Inuwa ya fashe da dariya, don an ba shi abin tsokana da zai ishe shi har ƙarshen rayuwarsa. Bai yi ba. Guntun gatarin yake juyawa a hannunsa.

Yatsun Goggo suka bi gefen warkin, suka bi zoben tagullar, suka shiga ta ciki, suka tsaya a aljihun. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce a jiƙo mata farar ƙasa a kwano.

Aka kawo. Ta naɗe hannun rigarta, ta tsoma tsumma, ta fara shafawa daga kafaɗa zuwa ƙasa, layi-layi, kamar yadda ta saba tana yarinya. Kitsen bai bar farar ƙasar ta kama ba, tana shafawa tana gangarewa tana ɗiga a tabarma. Ita ba ta sani ba. Ta gama ƙirjin, ta ɗago kai wajen da take jin numfashina.

"Ya yi fari?"

Baba Inuwa ne ya sauko daga kujerarsa, da ƙyar, yana dafa gwiwa. Ya zauna a tabarmar, ya jawo kwanon kusa da shi, ya tsoma hannunsa.

Ya ce, "Ya fara, 'yar Saje. Riƙe min can gefen."